Sabon taken ƙasarmu Nijar: mi ya sa anka canza shi, kuma don mi har yanzu da faransanci yake?

Baban Nana (Tawa)

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, da fatan kun wuni lahiya, ya zahi ya iyali. Ina da wata tambaya da ta kwana biyu tana cina a rai, yau dai na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai da manyan 'yan boko cikinmu.

Ɗiyata Nana tana aji CE2 a wata lakwal ta gwamnati nan Tawa. Ran Litinin da ta wuce mun makara sai na ɗauke ta bisa moto, muna isa bakin ƙofa na iske an riga an jera yara za a ɗaga tuta, mai gadi ya yi mani hannu in kashe mashin, na kashe na sauka na tsaya ni ma. Yara sunka kama taken ƙasa, wallahi muryoyinsu sun yi daɗi har tsigar jikina ta tashi, amma sai na ji bakina ya ƙi motsi don ban san ko kalma guda ba cikin sabon. Wanda ke kaina tsohon ne, wanda munka koya muna yara, shi kam ko daga barci anka tashe ni sai in kai shi ƙarshe. Na tsaya nan shiru kamar baƙo a garin ubana.

Da dare bayan lisha na ce Nana zo ki koya mani. Ta miƙe ta ƙame, hannuwa a gefe, ta rera shi tas ba gargada. Na ce madalla, to mi waƙar ke cewa? Sai ta sunkuyar da kai, ta ce ai an rubuta musu ne a allo sun kwahe cikin kaye an ce su hardace, ba a gaya musu ma'ana ba. Innata tana zaune bisa tabarma tana jan tasbaha, ta ɗago ta ce mani "ai kai ma haka ka yi, shekara nawa kana yi mani waccan a tsakar gidan ga ban taɓa sanin abin da kake faɗi ba". Maganar ga ta tsaya mani a wuya har yau.

To tambayata ita ce, mi ne ne laihin tsohon taken da anka aje shi, wa ya canza shi kuma yaushe, don a fadarmu gardama ake, wasu na cewa sojoji ne wasu na cewa a'a tun kahin su zo ne. Kuma dama ana canza taken ƙasa haka nan a duniya ko mu kaɗai ne? Sannan abin da ya fi damuna, tunda an tashi gyara don mi ba a yi shi da harshen da innata za ta ji ba? Wanda ya sani don Allah ya ƙara mana haske.

Tsohon Mushe

Wa alaikumus salam Baban Nana, Allah ya raya Nana ya ba Inna lafiya. Ka sosa mani inda ke yi mani ƙaiƙayi, don shekara 31 na yi riƙe da alli, daga ƙauyukan Keita zuwa Ƙonni har na yi ritaya a Yamai, ba ni iya ƙirga sau nawa na jera yara gaban tuta.

Bari mu faro daga tushe. Tsohon taken sunansa La Nigérienne, an amince da shi a 1961, wato shekara ɗaya bayan mun samu 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960, zamanin Diori Hamani. Wanda ya rubuta baitocin Bafaranshe ne, Maurice Albert Thiriet, kiɗan kuma Robert Jacquet da Nicolas Frionnet suka tsara shi. Ka ga ke nan babu hannun ɗan ƙasa ciki. Ko sunan ma in ka lura salon na Faransa aka bi, La Marseillaise, shi ya sa za ka ji na Cadi La Tchadienne, na Kodibuwa L'Abidjanaise, kai ka ce tela ɗaya ya ɗinka su.

Abin da ya fi tada ƙura wani layi ne a baitin farko da ke cewa mu yi alfahari kuma mu yi godiya saboda sabon 'yancin da muka samu. To godiya ga wa? Nan ne gizo ke saƙar. Mutane da yawa suka ce wannan ai kamar an ce Faransa ce ta yi mana kyautar 'yanci mu kuma mu durƙusa mu ce mun gode, alhali akwai waɗanda suka zubar da jininsu, Sarauniya Mangu ta tari ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, Kawusan ya tada yaƙi a Agadas a 1916, an yi aikin tilas, an kwashi kakanninmu an kai su yaƙin da ba nasu ba. Ni kaina na sha koyar da layin nan ina jin wani iri, amma a lokacin wa ya isa ya yi magana.

A watan Nuwamba 2019 gwamnatin Issoufou Mahamadou ta sanar cewa za a sake taken, ministan raya al'adu na lokacin Assoumana Malam Issa ne ya yi bayanin, aka kafa kwamiti. Abin ya ɗau lokaci, sai ran 22 ga Yuni 2023 majalisar dokoki ta amince da sabon, L'Honneur de la Patrie, kamar ka ce martabar ƙasar haihuwa. Lokacin Bazoum ne ke mulki. To ka kai wa 'yan fadarku labari, ba sojoji suka canza shi ba, an amince da shi wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin juyin mulkin 26 ga Yuli. Abin da ya rikita mutane shi ne sai bayan juyin mulkin aka fara jinsa sosai a taruka da tele, sai suka ɗauka tare suka zo.

Sabon yana farawa ne da cewa daga gaɓar kogin Isa har zuwa ƙarshen Tenere mu 'yan'uwan juna ne maza da mata, 'ya'yan ƙasa ɗaya, sannan ya ambaci magabata da suka yi tsayin daka, ya yi kiran a gina ƙasa mai zaman lafiya da haɗin kai. In don ma'ana ne ni dai ya fi kwanta mani nesa ba kusa ba.

Batun ko mu kaɗai ne, a'a ko kusa. Dubi maƙwabtanmu Najeriya. Taken da suka shiga 'yanci da shi a 1960 wata Baturiyar Ingila ce ta rubuta, Lillian Jean Williams, a 1978 suka aje shi suka ɗauki wanda 'yan ƙasa suka rubuta, wani shugaban makaɗan 'yan sanda Benedict Odiase ya yi masa kiɗa. Shekara 46 suna rera wannan, kwatsam ran 29 ga Mayu 2024 Tinubu ya sa hannu aka koma wa na Baturiyar. Wato mu muna fita ta ƙofar da su suke komawa ciki, kuma ka san surutun da aka sha can a kan haka. Burkina ta canza nata a 1984 lokacin da Thomas Sankara ya sauya sunan ƙasar daga Haute-Volta, shi ake danganta wa rubuta shi ma. Muritaniya ta canza take da tuta a 2017. Akwai kuma waɗanda tun farko ba su yarda baƙo ya rubuta musu ba, Senegal shugaba Senghor da kansa ya rubuta baitocin, Mali kuma Seydou Badian Kouyaté ya rubuta, kiɗan na Banzoumana Sissoko ne, makaho mai kaɗa molon da suke kira ngoni.

Amma tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma nan zan faɗi abin da ke zuciyata. Mu da muka yi lakwal a da mun san sambol. Wani ƙashi ne ko gwangwani da aka ɗaura wa igiya, duk yaron da aka ji ya yi hausa ko zabarmanci ko tamashek a filin lakwal sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta farautar wani da zai yi subutar baki ya miƙa masa, wanda abin ya kwana hannunsa gobe ya sha bulala. An rataya mani, kuma Allah ya yafe mani ni ma da na zama mushe na sa an rataya wa wasu. Har yau ina tuna wani ƙaramin yaro a wani ƙauye da ya ce "wayyo inna" don ya yi tuntuɓe, abokansa suka ruga suka sa masa igiyar, yana kuka ba shi da bakin da zai kare kansa da shi. Wannan tarbiyyar ce ta sa muka tashi muna ganin duk abin da ke na hukuma dole da faransanci za a yi shi, har waƙar da aka ce ta ƙasa ce. An canza abin da waƙar ke faɗi amma ba a canza bakin da take magana da shi ba. Alhali Tanzaniya da swahili take nata, Habasha da amharik, Ruwanda da kinyarwanda, Madagaska da malagasi. Na Kenya ma da suka yi a 1963 muryarsa daga waƙar rarrashin jariri ta ƙabilar Pokomo aka ɗauko ta, ka ji inda aka san darajar abin gida. Yanzu kuma tun da kundin mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya ce hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi na aiki ne, ni ban ga abin da ya rage a jira ba.

Ɗan Mena na Bukoki

Baba Mushe Allah ya ƙara girma, wallahi yau na ƙaru, ni ma cikin masu cewa sojoji ne nake.

Ni dai ta wajen balo na san taken ƙasashe don tun ina yaro ba na yarda a fara wasa ban zauna gaban tele ba, wannan lokacin da ake jera 'yan wasa kamara na bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya shi ne ya fi burge ni. Ba zan manta Janairu 2012 ba, karon farko da Mena, ƙungiyar balon ƙasarmu, ta je CAN, gasar kofin Afirka, wasanmu na farko da Gabon a Libreville, mun cika shagon wani mai caji a unguwa ko wurin sa ƙafa babu, da aka sa takenmu ba wanda ya ce a tashi amma kowa ya miƙe, wani dattijo mai saida goro da ke gefena hawaye kawai yake yi kuma na tabbata bai san kalma ɗaya ta faransanci ba. An ci mu 2 da 0 ranar amma wallahi ba cin da aka yi mana nake tunawa ba.

Shi ya sa Baban Nana nake ganin wani lokaci ba kalmomin ba ne kawai. Kun san Sipaniya nasu taken ba shi da baiti ko ɗaya? kiɗa ne zalla, in ka ga 'yan wasansu sun yi tsit ba girman kai ba ne babu abin da za su rera ne. Bosniya ma haka, da Kosovo. Su kuma Girka waƙar da aka ciro nasu daga ciki baiti 158 gare ta, biyun farko kawai ake yi, in da za a yi duka ai sai a tashi wasa ba a taɓa balo ba. Dama FIFA daƙiƙa 90 take ba kowace ƙasa, shi ya sa a kofin duniya na 2014 a Brazil in an yanke kiɗan sai 'yan kallo da 'yan wasa su ci gaba da baki kawai har su ƙare, duk wanda ya kalli wannan ya san abin da ake kira take.

Wani abin kuma da canji ke jawowa shi ne rikicewa a waje. A CAN ɗin Kamaru, Janairu 2022, wasan Muritaniya da Gambiya a Limbe, tsohon taken Muritaniya aka yi ta sa musu, a tsayar a sake sawa kuma shi ne dai, 'yan wasan suna kallon juna suna girgiza kai, shekara huɗu da wani abu bayan sun canza fa. To ya kamata hukumominmu na wasanni su tabbata duk inda za a je an aika da sabon, kar wata rana a kunyata mu.

Abu ɗaya da nake roƙon Allah ya nuna mani kafin in mutu, a sa takenmu a wasannin Olimpik. Can wanda ya ci zinariya kaɗai ake sa wa na ƙasarsa. Issaka Daboré ya samo tagulla a dambe a Munich 1972, Alfaga ya samo azurfa a taekwondo a Rio 2016, saura ƙiris. A 2017 dai da ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu an ɗaga tutarmu sama da ta kowa, amma tsohon taken ne lokacin. Sabon yana jiran mai kai shi.

Maman Ismael (Talaje)

Salamu alaikum. Baba Mushe ka yi haƙuri 'yarka za ta ɗan saɓa maka a wuri ɗaya, ba raini ba ne.

Duk abin da ka faɗa kan sambol gaskiya ne, mahaifina ma ya ba mu labarinsa. Amma in aka ce yau a mayar da taken hausa zalla, a ce kowa haka zai rera daga Tera har Bilma, to wata Inna ce za a sake bari a baya. Ni bahausa ce 'yar Madawa, maigidana bazabarme ne, uwar mijina shekararta sama da 20 a Yamai tana jin hausar kasuwa amma in magana ta yi zurfi sai an juya mata. A gidan hayar da muke akwai buzaye, akwai wata bafulatana, ɗakin ƙarshe wani babarbare ne ɗan Diffa. In yara suka fito tsakar gida da yamma harshe uku huɗu kake ji lokaci guda. Ranar da aka ce hausa ta zama harshen ƙasa na ga yadda fuskar wasu maƙwabtana ta canza, ba su ce komai ba amma na gani, kuma mutanen kirki ne masu son ƙasar nan kamar kowa. Waƙar da aka yi don ta haɗa mu bai kamata ta zama abin da wani zai ji an ture shi gefe ba. Ina jin ma shi ya sa ko Sankara da duk zafinsa da faransanci baitocin nasu suke, Mali ma haka, ba don suna son Faransa ba sai don gudun a ce an fifita wani.

Amma kuma ban yarda a ce saboda haka a zauna yadda ake ba. Ku dubi Afirka ta Kudu. Da suka fito daga mulkin wariyar launin fata, a 1997 suka haɗa take ɗaya da harsuna biyar a ciki, xhosa da zulu da sesotho da afrikaans da ingilishi, ana farawa da wannan a gangara cikin wancan, har da harshen waɗanda suka zalunce su ba su yar ba. Farkonsa waƙar addu'a ce da wani malamin makaranta Enoch Sontonga ya yi a 1897, muryarta ce ma Tanzaniya da Zambiya suke amfani da ita. Suwis harsuna huɗu gare ta kuma kowane yanki da nasa yake rerawa a kan kiɗa ɗaya. Kamaru nan kusa da mu akwai na faransanci akwai na ingilishi. To mi zai hana mu? Kiɗa ɗaya, yaron Tawa ya yi da hausa, na Dosso da zabarmanci, na Ingal da tamashek, na Ngigmi da barbarci ko tubanci, in an haɗu a babban taro a yi wanda aka gauraya. Rediyon ƙasa Muryar Sahel ai kullum tana ba da labarai da harsunan nan, masu fassara ba su ƙare a ƙasar nan ba, mawaƙa kuwa sai dai a zaɓa.

Kuma kafin gwamnati ta motsa, abin da ya faru da Nana laifinmu ne mu duka. Ni ɗana Ismael yana CM1, da ya zo da shi a kaye na zaunar da shi muka bi layi layi, ni in faɗa da hausa babansa ya faɗa da zabarmanci, ko minti talatin ba mu yi ba. Malamai ma don Allah, na san aji ya cika, yara tamanin wani wurin ɗari a rumfar zana, amma minti goma na bayani ba zai hana a gama darasi ba.

Abu Sumayya

Ni tambayata daban ce, a yi mani afuwa in na karkatar da zancen. Tsayuwar nan da ake yi ƙiƙam don tuta da take, ya halatta a addini kuwa? Don wani ya ce mani tsayuwar girmamawa ta Allah ce shi kaɗai, tun lokacin nake jin nauyi in na iske ana yi.

Tsohon Mushe

Malam Abu Sumayya tambayarka ba ta fita hanya ba, iyayen yara sun sha kawo mani ita har ofis. Malamai sun saɓa a kai. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya ce bai halatta ba, yana ganin bidi'a ce da koyi da waɗanda ba musulmi ba. Hukumar fatawa ta Masar kuma ta ce babu laifi, don al'ada ce ta nuna ƙaunar ƙasa ba ibada ba, ba wanda ke niyyar bauta wa ƙyalle. Ita Saudiyyar kanta tana da take, har an sa masa baitoci a 1984, ana kuma tsayawa in ana yinsa. Ni na bi masu halattawa kuma zuciyata ta natsu, amma ka samu malamin da ka yarda da iliminsa ku zauna. Sai dai ka ga, wannan ma wani dalili ne na a fassara, mutum in ya san abin da ake faɗi ya ji babu shirka ciki babu saɓo, rabin waswasin ya tafi.

Maman Ismael kuma, 'yata ba ki saɓa mani ba, kin gyara mani ne. Na yi shekara huɗu ina koyarwa cikin buzaye a arewacin Abalak, ya kamata a ce ni na fara tuna wannan. Na karɓi shawararki ta kiɗa ɗaya harsuna da yawa.

Ɗan Ader a Abija

Gaisuwa ga mutanen gida, ina Tawa ina dala. Ni shekarata 14 ina cirani Kodibuwa, ina saida kaya Ajame. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Mu da ke waje mun fi kowa shan wahalar canjin ga, don ba mu da lakwal ba mu da tele ta gida kullum. Bara munka yi taron 'yan ƙasa ran 3 ga Agusta, anka ce a tashi a yi take, rabin zaure sunka kama tsoho rabi sunka yi shiru, wani yaro ɗalibi ne ya cece mu ya sa sabon daga wayarshi ya kanga ga lasifika. Ɗiyana ukku nan anka haife su, na Kodibuwa suke rerawa kowace Litinin kuma sun iya shi sarai, na ƙasar ubansu ko sau ɗaya ba su taɓa yi ba. Wallahi abin na yi mani ciwo. Da akwai na hausa da sai in sa musu cikin waya su riƙa ji har ya zauna, don hausar ce kaɗai abin da na iya ba su daga gida. Yanzu kuma na ji an yi na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, ma a 2025, ga wani nauyin bisa wani.

Baban Nana (Tawa)

Jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri, Baba Mushe Allah shi ƙara lahiya da nisan kwana. Na kai labari fada jiya, wanda ya fi kowa rantsuwa cewa sojoji ne shi ya sayi sukarin shayi.

Maman Ismael na bi shawararki. Akwai wani ɗan maƙwabcinmu da ke jami'a nan Tawa, na kira shi bayan magariba ya zo, Nana ta ɗauko kayenta, munka shimfiɗa tabarma munka haska da fitilar waya don an ɗauke wuta. Shina karanta layi shina juyawa da hausa ni ina rubutawa a bayan kayen, wani wurin sai mun yi ta neman kalma, mun daɗe bisa "patrie" kaɗai, shi ya ce ƙasar haihuwa ni na ce ƙasar gado, Inna daga inda take ta ce "ku ce inda anka binne cibiya mana", munka yi dariya amma ita munka rubuta. Da anka zo wurin da ke cewa daga kogi har Tenere 'yan'uwa muke, sai ta aje tasbaha ta ce a maimaita mata. Anka maimaita. Ta ce mahaifinta ya yi azalai, ya sha ratsa Tenere da raƙuma zuwa Bilma ɗaukar gishiri, ashe har da hanyarshi cikin waƙar da jikarta ke yi kowace sahiya ba wanda ya gaya mata. Ta sa Nana ta sake rerawa da faransancin, wannan karon tana bi tana gyaɗa kai.

Ran Asabar akwai taron iyayen yara a lakwal ɗin su Nana, zan tahi da takardar ga in nuna wa darakta, in roƙe shi ko sau ɗaya a wata bayan an ɗaga tuta a samu malami guda ya faɗa wa yara ma'anar da hausa, waɗanda ke jin tamashek ko fulatanci su ma a samu mai gaya musu. Ɗan Ader turo mani lambarka ta saƙon sirri in ɗauki hoton abin da munka rubuta in aiko maka ta WhatsApp, ba ta hau kiɗa ba tukuna amma ɗiyanka za su ji abin da take cewa. In kuma akwai mai waƙa cikin zauren ga da zai iya daidaita ta da muryar taken, don Allah ya yi magana.